Yadda ake yi wa sabar raba adireshin IP faci ba tare da an tsayar da aiki ba

Sabar da ke raba adireshin IP tana da hali mai yaudara: idan ta mutu, ba a ganewa nan take. Kwamfutar da ta riga ta karɓi adireshi za ta ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru. Sai rabin wa'adin hayar adireshin ya cika za ta koma wa sabar da ta ba ta don sabuntawa. Idan ta ji shiru sai ta yi ta gwadawa har kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin ya wuce, daga nan ta fara kiran duk sabar da ke kusa. Wa'adi na cika ta saki adireshin. Ke nan idan hayarka ta awa 8 ce, facin (gyaran manhaja da masu ita ke fitarwa) da ya ɓata sabar da ƙarfe 11 na dare ba zai nuna kansa sosai ba sai da safe, lokacin da wanda ya yi aikin ya riga ya rubuta cewa komai lafiya ya tafi ya kwanta.

Wannan jinkirin shi ya sa ake bi da facin waɗannan na'urori daban da na sauran sabobi. Abubuwa uku muke nufi, kuma galibi tafe suke tare: DHCP mai raba adireshi, DNS mai fassara suna zuwa adireshi, da IPAM, wato kundin da ke riƙe lissafin wane adireshi ke hannun wa. Babbar manhaja kuwa ita ce wadda suke zaune a kanta, Linux ko Windows Server.

Kafin komai, tantance irin na'urar da ke gabanka. Idan akwati ne da kamfani ya haɗa ya rufe, irin na Infoblox ko BlueCat ko EfficientIP, babbar manhajar da ke ciki ba taka ba ce. Kamfanin ke fitar da facinta haɗe da na manhajarsa, kai naka shi ne bin jerin sigogin da ya ce a bi. Kada ka nemi hanyar shiga ƙasa ka sabunta wani kunshi da hannunka. Sauran bayanin nan na wanda ya girka manhajar da kansa ne a kan sabarsa: BIND na DNS, Kea da ISC DHCP na raba adireshi, NetBox da phpIPAM na kundi, ko DHCP da DNS da IPAM na Windows Server.

Mataki na farko: rubuta abin da ke kan na'urar

Mutane da yawa sun san sigar manhajarsu amma ba su san abin da take tsaye a kai ba, alhali can ƙasan ne faci ke taɓawa. Buɗe takarda ɗaya, kowace saba da layinta. A Linux, cat /etc/os-release zai ba ka suna da sigar babbar manhaja, uname -r ya ba ka sigar kanel ɗin da ke aiki yanzu, wato zuciyar babbar manhajar. Sai named -V da babban harafi, domin shi ne ke nuna ba sigar BIND kaɗai ba har da sigar OpenSSL da libuv da aka haɗa shi da su. Haka kea-dhcp4 -V ke yi wa Kea. Ƙara da openssl version, python3 --version, php -v, da sigar rumbun bayanai, PostgreSQL ne ko MariaDB ko MySQL. A Windows, winver na nuna lambar gini, Get-HotFix kuma ya jero facin da aka riga aka sa.

Akwai tambaya ɗaya da ake yawan tsallakewa: daga ina kunshin ya fito? BIND ɗin da ya zo daga ma'ajiyar Red Hat ko Debian, masu babbar manhajar ne ke kula da dacewarsa, kuma facinsa na zuwa tare da sauran. Wanda ya zo daga ma'ajiyar ISC, ƙungiyar da ke rubuta BIND da Kea, yana bin jadawalin ISC. Wanda wani ya haɗa da hannu daga tushe shekaru uku da suka wuce ya ajiye a /usr/local, babu mai kula da shi sai kai, kuma shi ne zai fara ƙin tashi ranar da aka canza tubalin da ya dogara da shi. Umarnin rpm -qf ko dpkg -S a kan fayil ɗin manhajar zai faɗa maka ko na wani kunshi ne ko maraya ne.

Mataki na biyu: gwada takardarka da sharuɗɗan dacewa

Faci iri uku ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba. Akwai na tsaro na yau da kullum, wanda ba ya canza babbar siga. Akwai ƙaramin ɗagawa, kamar daga RHEL (Linux na Red Hat) 9.4 zuwa 9.5. Akwai kuma babban ƙaura, kamar daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, wanda a gaskiya sabuwar na'ura ce sanye da tsohon suna. Na farko kan wuce lafiya mafi yawan lokuta. Na uku kuwa, sai ka bi kowane layi na takardarka ka tabbatar manhajar ta yarda da sabon abin da zai zo.

Ɗauki NetBox a misali. Siga ta 4.0 tana buƙatar Python 3.10 ko sama. Ubuntu 22.04 da 3.10 yake zuwa, Debian 12 da 3.11, Ubuntu 24.04 da 3.12, amma RHEL 9 da 3.9 yake zuwa, don haka a can sai ka girka wani Python a gefe ka nuna wa NetBox shi. Idan kuma ka yi babban ƙaura, keɓantaccen muhallin Python da NetBox ya gina wa kansa yana nan yana nuni ga tsohon Python ɗin da ya riga ya tafi. Sabis ɗin zai ƙi tashi har sai ka sake gudanar da upgrade.sh ya gina muhallin sabo. Mafi ƙarancin sigar PostgreSQL da yake karɓa ma tana hawa lokaci zuwa lokaci, saboda haka karanta bayanin fitowar kowace siga da za ka ratsa, ba ta ƙarshe kaɗai ba. Ba a kuma tsallake matakala: kafin ka shiga 4.0 sai ka fara kaiwa 3.7.

BIND yana da nasa. Sigogin da lambarsu ta biyu ke rabuwa biyu, irin 9.18 da 9.20, su ne na aiki, 9.19 da 9.21 na gwaji ne. Reshen 9.16 shi ne na ƙarshe da ke gudana a kan Windows. ISC DHCP kuwa masu shi sun daina kula da shi a ƙarshen 2022, Kea ne magajinsa, kuma akwai kayan aiki mai suna keama da ke taimakawa wajen juya tsohon fayil ɗin saiti zuwa na Kea, ko da yake ba komai yake juyawa ba. Idan har yanzu dhcpd, wato ISC DHCP, kake gudanarwa, kafin babban ƙaura duba ko sabuwar sigar babbar manhajar tana ɗauke da shi ma.

IPAM na Windows Server, wanda ya fara zuwa da sigar 2012, dole ya kasance a kan saba da ke cikin domen, kuma ba a girka shi a kan mai kula da domen. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce sabar IPAM kada ta girmi sabobin da take lura da su. Idan za ka ɗaga sigogi, da ita za ka fara.

Duba ranakun ƙarewar tallafi ma. CentOS Linux 7 ya kai ƙarshe ranar 30 ga Yuni 2024, Windows Server 2012 R2 a Oktoba 2023, tallafin Ubuntu 20.04 na kyauta a Mayu 2025, Windows Server 2016 kuma zai kai nasa a Janairu 2027. Na'urar da ta wuce wa'adi za ta ce maka babu sabon faci, mai karanta rahoto kuma ya ɗauka alamar lafiya ce.

Wani abu da ke jawo gardama tsakanin masu netwok da masu binciken tsaro: Red Hat da Debian da Ubuntu ba sa ɗaga lambar siga idan sun toshe rami, ɗauko gyaran suke yi su dasa a tsohuwar sigar. Manhajar binciken da lamba kawai take karantawa za ta yi ta kururuwa a kan ramin da aka toshe tuntuni. Kafin ka yarda da ita, gudanar da rpm -q --changelog bind ka nemi lambar CVE ɗin, wato lambar da aka ba ramin, a ciki.

Wuraren da ake yawan karyewa

Nan ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin matsalolin ba sababbi ba ne, maimaituwa suke yi.

Na farko, dokokin sirranta bayani. RHEL 9 ya zo da OpenSSL 3.0 da manufar da ta hana sa hannu da SHA-1 tun daga tushe. Yanki shi ne rukunin sunayen da sabar DNS ke riƙe, DNSSEC kuma sa hannun da ke tabbatar da amsoshinsa. Yankunan DNSSEC da har yanzu ke kan RSASHA1 ba za su tantancu yadda suke yi a da ba. Duba update-crypto-policies --show kafin ƙaura. Akwai ƙaramar manufa DEFAULT:SHA1 da ke dawo da shi, amma wannan gada ce ta ɗan lokaci, gyaran gaske shi ne canza makullan yankin. Haka makullan TSIG na HMAC-MD5, waɗanda tsofaffin saituna ke amfani da su don DHCP da DNS su shaida juna: a na'urar da aka kunna wa yanayin FIPS, wanda ke hana tsofaffin hanyoyin sirrantawa, ba za su yi aiki ba. Alamar ita ce kwamfutoci na samun adireshi lafiya lau, amma sunayensu sun daina bayyana a DNS. Sauya su zuwa hmac-sha256 tun kafin ranar faci, a ɓangarorin biyu lokaci guda.

Na biyu, inda fayiloli ke zaune. AppArmor, tsarin da ke iyakance fayilolin da manhaja za ta taɓa a Ubuntu da Debian, ya san BIND da /etc/bind da /var/cache/bind da /var/lib/bind. SELinux, takwaransa na RHEL, ma yana da wuraren da ya yarda da su. Idan wani ya taɓa ajiye yankuna a wata folda ta daban ya gyara dokar da hannu a cikin fayil ɗin da kunshi ya kawo, sabon kunshi na iya maye gurbin gyaran. Saƙon da za ka gani shi ne an hana izini, alhali izinin fayil ɗin daidai yake. A RHEL nemi dalili da ausearch -m avc -ts recent, a Ubuntu nemi kalmar DENIED a cikin dmesg. Kea ma ya ƙara tsauri a facinsa na tsaro na Mayu 2025: ya daina karɓar kowace folda don fayil ɗin haya, rajistar aiki, maƙalansa (ƙananan manhajojin da ake jona masa, hooks) da soket ɗin sarrafawa, sai wuraren da aka ƙayyade. Saitin da ya yi shekaru yana aiki da rajista a wani lungu na daban sai ya ƙi tashi bayan faci. Maganin shi ne ko ka mayar da fayilolin inda yake so, ko ka faɗa masa wurin ta canjin muhalli irin KEA_LOG_FILE_DIR. Tun da muna kan Kea: maƙalansa dole su zama na sigar da sabar ke kai. Idan babban kunshi ya hau aka bar na maƙalai a baya, ba za su loda ba.

Na uku ya fi kowanne ɓoyewa. A glibc 2.28, tubalin da kusan kowace manhajar Linux ke tsaye a kai, an canza yadda ake jera haruffa. PostgreSQL na dogara da wannan jerin wajen gina fihirisar rubutu. Idan ka kwashe fayilolin rumbun bayanai yadda suke daga RHEL 7 zuwa 8 ko sama, ko daga Debian 9 zuwa 10, rumbun zai tashi lafiya, ba kuskure ko ɗaya, amma fihirisar ta karkace. Bincike zai riƙa ɓatar da layukan da suke nan, kuma abin da aka ce kada ya maimaitu zai iya maimaituwa. A kundin adireshi wannan masifa ce mai tafiya a hankali. Idan da pg_dump ka fitar ka loda a sabuwar na'ura, ka tsira, don fihirisa sabuwa ake ginawa. Idan ba haka ba, gudanar da REINDEX kafin ka buɗe wa kowa ƙofa.

Sauran ƙanana ne amma suna cin dare. Sunan katin netwok na iya canzawa bayan babban ƙaura ko canjin na'ura, eth0 ya koma ens192, saitin DHCP kuma yana nan yana kiran tsohon suna. A Ubuntu, systemd-resolved na zaune a ƙofa ta 53 a adireshin 127.0.0.53, idan ƙaura ta sake kunna shi zai iya karo da sabar DNS ɗinka; DNSStubListener=no ke raba su. A Windows, tsaurin DCOM da Microsoft ya tilasta daga Maris 2023 ya sa duk manhajar da ke leƙa sabobi daga nesa ta WMI sai ta dace da sabon matakin tantancewa, in ba haka ba a hana ta shiga. Sakamakon shi ne kundin IPAM ya daskare a kan bayanan da ya samu na ƙarshe, yana nuna su kamar na yau.

Sai agogo: dole na sabobin su yi kusan daidai da juna. TSIG na yarda da bambancin daƙiƙa 300, Kerberos minti 5. Sabobin DHCP biyu na Windows da ke mara wa juna baya suna son bambancin kada ya wuce minti 1. Kea na gargaɗi idan ya kai daƙiƙa 30, idan ya wuce 60 sai ya yanke haɗin gwiwar gaba ɗaya. Bayan kowace sake kunnawa duba chronyc tracking ko w32tm /query /status.

Mataki na uku: kwafin ajiya

Abu huɗu za ka kwafa: fayilolin saiti, makullai, rumbun bayanai, da kundin haya. A BIND fara da rndc sync -clean don canje-canjen da ke cikin fayilolin .jnl su sauka cikin ainihin fayil ɗin yanki, sannan ka kwashe foldar. Kea mai ajiye haya a fayil yana rubutawa a kea-leases4.csv da 'yan uwansa masu ƙarin lamba a ƙarshe. Kwashe su duka. Mai rumbun bayanai kuma pg_dump, ko mysqldump --single-transaction. A Windows, Export-DhcpServer tare da -Leases, in ba haka ba saiti kaɗai za ka samu babu haya. NetBox na da SECRET_KEY a cikin configuration.py da foldar media, kada ka manta su.

Ajiye kwafin a wata na'ura, kuma ka rubuta adireshin IP ɗinta a takarda. Ranar da DNS ya faɗi, sunanta ba zai kai ka ko'ina ba. Sannan ka gwada loda kwafin a na'urar gwaji ko sau ɗaya ne.

Mataki na huɗu: saya wa kanka lokaci da wa'adin haya

Idan hayarka gajeriya ce, tsawaita ta kafin aikin. Mai awa 8 ya mayar da ita kwana 2. Amma sabon wa'adin ba ya isa ga kwamfuta sai ta zo sabuntawa, don haka yi canjin aƙalla cikakken tsohon wa'adi ɗaya kafin ranar, har da la'akari da na'urorin da ke kashe. Wanda ke kan kwana 8 da Windows ke zuwa da shi ba ya buƙatar taɓa komai. Banda netwok ɗin baƙi na Wi-Fi, inda wayoyi ke shigowa suna fita da adireshin MAC mai canzawa: tsawaita haya a can zai cinye adireshin da ke akwai kafin azahar. Idan kuma aikin na canza adireshin saba ne ko sake fasalin lambobi, akasin haka ake yi, a gajarta.

Mataki na biyar: na'urar gwaji

Gina ta daga siga ɗaya da ta aiki, da saiti ɗaya, a netwok ɗin da ba ya haɗe da na mutane. Wannan sharaɗin ba wasa ba ne: sabar DHCP ta gwaji da ta ga netwok na gaske za ta fara amsa wa kwamfutoci, ta raba adireshin da ke hannun wasu. Sa facin, sake kunna na'urar, sannan ka tambayi kowace manhaja ko ta yarda da saitinta: named-checkconf -z, kea-dhcp4 -t da sunan fayil, dhcpd -t. Karanta gargaɗin da suka fitar ko da sun wuce, domin zaɓin da aka ce ya tsufa yau shi ake cirewa a siga ta gaba. Nemi fayiloli masu ƙarewa da .rpmnew, .rpmsave ko .dpkg-dist a ƙarƙashin /etc ka gwada su da naka. Kea na zuwa da perfdhcp, wanda ke kwaikwayon ɗaruruwan kwamfutoci masu neman adireshi. Bar shi ya yi ta bugun sabar na ɗan lokaci, don wasu matsalolin sai da nauyi suke fitowa.

Mataki na shida: ranar aiki, ɗaya bayan ɗaya

Babbar doka: ba a yi wa abokan haɗin gwiwa biyu, wato sabobin da ke mara wa juna baya, faci a rana ɗaya, sai a yanayi biyu da za mu ambata a gaba. A Yuni 2025 facin wata-wata na Windows Server ya sa sabis ɗin DHCP ya riƙa daskarewa lokaci-lokaci a sigogin 2016, 2019, 2022 da 2025, sai a facin Yuli aka gyara. Wanda ya sa wa saba ɗaya ya dakata yana da ɗayar da za ta riƙe aiki. Irin wannan matsala mai zuwa tana tafiya ba ta bayyana a gwajin minti goma.

Ka binciki sabunta-kai ma, don shi ke karya dokar nan a ɓoye. Ubuntu na zuwa da unattended-upgrades a kunne, yana gudana da misalin ƙarfe 6 na safe a kowace na'ura, wato sabobinka biyu za su iya karɓar faci ɗaya cikin awa guda. A Windows raba su rukuni biyu masu ranaku daban, tunda facin na fitowa ne Talata ta biyu a kowane wata. Kana iya riƙe kunshi da apt-mark hold ko dnf versionlock, amma rubuta ranar da za ka sake shi. Kunshin da aka riƙe aka manta da shi ya fi wanda ba a riƙe ba haɗari.

A DNS fara da sabobin da ke kwafa, babbar ta zo ƙarshe. A DHCP fara da mai jiran gado. Kea na da hanya mai tsafta: aika ha-maintenance-start zuwa ga sabar da za ta ci gaba da aiki, ba wadda za ka kashe ba. Ita za ta sanar da abokiyarta, ta karɓi dukkan aikin, sannan ka kashe ɗayar babu wanda ya jira. A Windows, tuna cewa haya ce kaɗai ke kwafuwa da kanta tsakanin abokan biyu. Canjin saiti da adireshin da aka keɓe sai ka tura da Invoke-DhcpServerv4FailoverReplication, daga sabar da ke da saitin da yake daidai. Yi wannan kafin ka kashe kowace.

Sa facin, sannan ka sake kunna na'urar ko da ba a ce dole ba. Manhajar da ke gudana tana riƙe da tsohon tubali a ƙwaƙwalwa har sai an tashe ta sabo, kuma gara ka ga matsalar tashi yanzu kana zaune a gabanta. Idan Kea na kan rumbun bayanai kuma sigarsa ta hau, gwada kea-admin db-version, ka yi db-upgrade idan tsarin teburan ya canza. Lura da cewa idan sabobi biyu rumbu ɗaya suke rabawa, ɗaga tsarin zai shafi wadda ba ka taɓa ba. A irin wannan yanayi kaɗai ake ɗaga su a zama ɗaya, shi ya sa ake tsawaita haya tun farko.

Sabar IPAM ita ce mafi sauƙi, tunda faɗuwarta ba ta hana kowa adireshi. Sanar da masu amfani da ita kada su rubuta komai har ka gama.

Mataki na bakwai: tabbatarwa

Ganin sabis ya ce yana gudana bai isa ba. Da ss -lunp tabbatar ana sauraro a ƙofa ta 53 da 67, da 547 idan kana raba IPv6. Ƙofa ta 53 ta TCP ma dole ce, gwada ta da dig +tcp. Haɗin gwiwar DHCP na Windows da na ISC DHCP na bin TCP 647, rndc na bin 953. Duba katangar tsaro ba ta koma yadda ta zo daga masana'anta ba. Tambayi kowace sabar DNS lambar SOA (lambar da ke hawa idan an canza yanki) ta yanki ɗaya ka ga sun yi daidai. Tambayi wani suna mai DNSSEC ka nemi tutar ad a amsar.

Sannan gwajin gaske. Buɗe tcpdump -ni da sunan kati, port 67 or port 68, ka sa wata kwamfuta ta saki adireshinta ta nemi sabo. Saƙo huɗu za ka gani a jere: DISCOVER, OFFER, REQUEST, ACK. Idan DISCOVER na ta maimaituwa babu OFFER, sabar ba ta ji ko ba ta da abin bayarwa. Yi gwajin daga wani sashen netwok mai nisa wanda ke biyowa ta na'urar da ke isar da saƙon DHCP, ba daga sashen da sabar ke zaune kaɗai ba. Bayan ACK, nemi sunan kwamfutar a DNS, gaba da baya. A ƙarshe leƙa IPAM ka duba lokacin da ya karɓo bayanai na ƙarshe.

Bar saba ta farko ta yi aiki aƙalla rabin wa'adin haya, ta kuma ga safiyar ranar aiki guda, kafin ka taɓa ta biyu. Idan ba gaggawa, mako guda ya fi. Gaggawa kuwa takan zo: ramin SIGRed na DNS ɗin Windows a Yuli 2020 ya samu maki 10 cikin 10 na haɗari, KeyTrap na Fabrairu 2024 kuma na iya daskarar da mai tantance DNSSEC da amsa guda. A irin waɗannan ana matse tazarar zuwa awoyi, amma jerin ba ya canzawa.

Idan ya zama dole a koma baya

Cire facin ya fi maido da hoton na'ura (snapshot, kwafin sabar gaba ɗaya yadda take a wani lokaci) aminci. A RHEL dnf history undo da lambar aikin, in dai tsofaffin kunshin na nan a ma'ajiya. A Debian da Ubuntu sai ka girka tsohuwar sigar da lambarta. Idan kanel ne, zaɓi tsohon a GRUB. A sababbin Windows Server facin wata-wata na zuwa haɗe da na injin sabuntawa, wusa /uninstall ba ya cire irinsa, sai DISM da /Remove-Package. Tsarin rumbun bayanai da aka ɗaga ba ya sauka. Sai dai ka loda kwafin da ka ɗauka.

Dalilin gudun hoton na'ura shi ne yana mayar da kundin haya baya tare da komai. A ce ka ɗauki hoto ƙarfe 10, sabar ta yi awa uku tana raba adireshi, sannan ka maido da hoton. Duk hayar da aka bayar cikin awa ukun nan ta ɓace daga kundi, amma kwamfutocin na riƙe da adireshinsu. Sabar za ta ɗauka babu kowa a kai ta miƙa wa wasu, na'urori biyu su haɗu a adireshi ɗaya. DNS ma haka: lambar SOA ta babbar saba ta koma ƙasa da ta masu kwafa, su kuwa ba sa karɓar yanki sai lambarsa ta fi tasu, don haka za su daina sabuntuwa ba tare da wani ƙorafi ba. Idan hoton ne kaɗai mafita, fitar da kundin haya na yanzu kafin ka maido, ka loda shi bayan an maido, ko ka bar abokiyar haɗin gwiwa ta cika wa sabar kundinta kafin ta fara amsa wa kowa. A Windows kunna binciken karo na ɗan lokaci da gwaji 1 ko 2, don sabar ta riƙa taɓa adireshi kafin ta bayar. A DNS ɗaga lambar SOA ta haura wadda ke kan masu kwafa, sannan ka yi rndc reload da rndc notify.

Bayan saba ta biyu ta wuce nata gwajin, mayar da wa'adin haya yadda yake, saki kunshin da ka riƙe, goge hotunan na'ura da ka ɗauka don kada su cika faifai, sannan ka sake gudanar da umarnin mataki na farko ka gyara takardar da sababbin lambobi.